Nozul Na Biyar: Gyaran Tashin Safe Na Tsohuwar Injekta A Ƙasar Anka

Duk mai tsohuwar mota mai injekta a yankin Anka, Gummi da Bukkuyum ya san abin da zai ji a gareji ranar da motar ta soma gardamar tashi da safe: "Alhaji, mu kwashe wannan tarkacen mu ɗora mata kafireto, ka huta." Ba mugunta ke sa bakanike faɗin haka ba. Yawancin manyan kanikawanmu a kan Fijo 504 da 505 suka koyi aiki, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, kuma kafireto suka sani ciki da bai. Sai dai motar da aka ƙera don gudu, irin su Golf GTI, idan aka raba ta da injektarta an raba ta da dalilin sayenta. Ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Sau da yawa kuwa abin da ya lalace ɗan ƙarami ne, waya mita biyu da maɓalli guda sun ishe shi.

Motocin da ake magana a kansu su ne masu tsarin K-Jetronic na kamfanin Bosch, wanda ya fito a 1973 a jikin Porsche 911. Shi ne a Golf GTI ta farko ta 1976 mai ƙarfin doki 110, da Golf 2 GTI ta farkon fitowa, da Porsche 924, da Ford Escort XR3i, da Marsandi 230E ta 1980. Ɗan'uwansa L-Jetronic, wanda ke cikin Datsun 280Z, hanyar tashinsu da sanyi kusan ɗaya ce, don haka bayanin ya shafe shi. Irin waɗannan motoci galibi ta Kwatano suka shigo mana, 'yan Beljiyom. Golf 3 ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin Gusau da Anka ba ta cikin lissafi: yawancinsu kwamfutar injin ce ke ƙara mai da kanta, babu wani nozul na daban da za a taɓa.

Abin da Bature ya tsara, da inda ya saɓa da garinmu

Fetur ba ya cin wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Injin da ya ɗumama yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1 bisa nauyi. Idan ya kwana ya huce, man da aka fesa sai ya manne a bangon bututun shigar iska, ɗan kaɗan ne ke isa ga fulogi a matsayin tururi. Mai kafireto yakan ja cok. A injekta kuwa sai aka ƙara nozul guda a jikin babban bututun iskar, ban da waɗanda ke kan silinda, wato huɗu a inji mai silinda huɗu. Shi ne nozul na biyar. Aikinsa tamkar ɗan kananzir ne da ake yayyafa wa icen da ya sha raɓa: ya taimaka wuta ta kama, shi ke nan. A Golf za ka gan shi da soket shuɗi, an ɗaure shi da ƙusoshi biyu, ga siririn tiyon mai ya zo masa daga kan rarraba mai.

Wayoyi biyu ne a jikinsa. Ɗaya tana samun wuta daga layin kik, wato lamba 50, kuma sai lokacin da kik ke juyawa kaɗai. Ɗayar tana neman jikin mota don wutar ta kammala zagaye, amma ba ta isa can sai ta bi ta cikin wani makunni mai soket ruwan ƙasa, wanda aka murɗa a hanyar ruwan lagireto a kan injin. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe mai lanƙwashewa idan ya ji zafi, da wata waya da ke gasa shi duk lokacin da ake buga kik. Idan ruwan injin ya yi sanyi, ƙarfen yana haɗe, nozul ya fesa. Idan ruwan ya ɗumama, ko kik ya daɗe yana juyawa har wayar ta gasa ƙarfen, sai ya rabu, feshi ya tsaya. Duba jikin notinsa da kyau, za ka ga an buga lambobi. A yawancin Golf 35°C da 8s ne: ba ya bari a yi feshi idan zafin ruwa ya haura digiri 35, kuma feshi mafi tsawo sakan 8 ne, wanda sai sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili.

To, Anka ba ta taɓa ganin irin wannan sanyi ba. Ko a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, asubahinmu kan sauka ne wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa kaɗan, abin da zai ba da feshin sakan biyu zuwa uku. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, rana kan haura digiri 40, motar da aka ajiye a fili tun safe ruwanta ya wuce 35 ko ba a kunna ta ba, nozul na biyar ba zai ce uffan ba. Ke nan buƙatarmu ga wannan na'ura 'yar kaɗan ce, amma ba a rasa ta. Matsalar ita ce makunnin ya kusa shekara 40 a jikin wasu motocin, kuma idan ya mutu samunsa sai an sha yawo a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, wanda za a samo ɗin ma tsoho ne kamarsa. Shi ya sa mayar da ikon feshin hannun direba ya fi dacewa da mu. Sharaɗi ɗaya ne, kuma kada a sassauta shi: feshin ya ci gaba da zama ɗaure da kik.

Kafin a yanke waya

Da yawa daga cikin motocin da ake zargin nozul na biyar ba shi ne ya yi laifin ba, don haka a fara sauraron abin da motar ke yi.

Idan kik na juyawa a kasale, batir ne. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba yayin bugawa. Wanda ya saba a tura masa mota da safe ya sani cewa da turi layin lamba 50 ba ya samun wuta, don haka nozul na biyar ba ya fesa komai. Haka nan idan wani mai rewaya ya taɓa yi wa motar maɓallin kik na daban saboda makulli ya lalace, ya ja sabuwar waya kai tsaye ya watsar da tsohuwar, to ya kashe nozul ɗin bai sani ba. Wannan ya zama ruwan dare a motocinmu, kuma gyaransa maido da waya guda ne.

Idan motar ta kama nan take sannan ta mutu bayan sakan uku ko huɗu, nozul na biyar ya yi aikinsa, masu karɓar aiki daga hannunsa ne suka gaza. Su biyu ne. Na farko regiletan ɗumi, wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin injin mai tiyon mai biyu da soket. Shi ke sassauta matsin da ke danne sandar rarraba mai idan inji na da sanyi, wajen bar 1 zuwa 1.5 a irin safiyarmu, don mai ya yawaita, sannan ya ɗaga shi a hankali zuwa tsakanin 3.4 da 3.8 idan an ɗumama. A bakin shigarsa akwai 'yar rariya mai laushi. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka, da tsatsar tsohon tanki, da irin gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022, duk a wannan rariya suke taruwa. Idan ta toshe matsin ya hau, mai ya yi ƙaranci, motar ta riƙa mutuwa har sai ta yi zafi. Na biyu bawul ɗin ƙarin iska, wanda ke ɗaga silo da safe. Gwajinsa ba wuya: inji na aiki da sanyi, matse tiyonsa da filaya, silo ya kamata ya faɗi. Bayan kamar minti biyar ka sake matsewa, bai kamata komai ya canja ba. A duba kuma babbar robar da ke tsakanin ma'aunin iska da totur. Zafinmu na tsattsage ta, iskar da ta saci hanya ta nan kuwa ba a auna ta ba, ba a ba ta mai ba.

Akwai kuma cutar da ta fi damun mutanenmu, wadda ba ta safe ba ce. Mota ta yi tafiya, an tsaya salla ko cin abinci na minti 20, an dawo ta ƙi tashi. Wannan matsin mai ne ke zubewa bayan an kashe inji, sai man da ke cikin bututu ya tafasa ya zama tururi. A Golf 2 ana son matsin ya tsaya a bar 2.6 bayan minti 10, da 2.4 bayan minti 20. Masu riƙe shi su ne ɗan bawul ɗin da ke bakin famfon mai da kuma ma'ajin matsi da ke kusa da famfon a ƙarƙashin mota. Maɓallin da za mu sa yana taimakawa a nan ƙwarai, har kamfanin Volkswagen ma ya sa wa wasu motocinsa wani rile da ke sa nozul na biyar feshi kaɗan-kaɗan idan an buga kik da zafi. Amma taimako ne, ba magani ba. Hanyar Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas, a 'yan shekarun nan, ba wurin da mutum zai so ya tsaya yana buɗe bonet ba ne. A canja bawul ɗin.

Sai gwajin nozul ɗin kansa, da safe kafin a kunna motar. A yi shi a fili, ba kusa da mai walda ko mai shayi ba, da bokitin yashi a gefe, domin matsin man wannan tsari ya kai bar 5, fiye da ninki biyu na iskar taya. Zare babbar wayar kwayil daga kan distiributa ka jingina bakinta da jikin inji, don kada tartsatsi ya tashi. Kwance ƙusoshin nan biyu, fito da nozul ɗin da tiyonsa da soket ɗinsa a haɗe, ka sa bakinsa cikin kwalba. Yaro ya buga kik. Ya kamata ka ga feshi mai laushi, a baje, na ɗan lokaci, sannan ya yanke da kansa ko kik bai tsaya ba. Daga nan goge bakinsa, zare rile ɗin famfon mai ka haɗa ramin 30 da 87 da guntuwar waya don famfon ya yi aiki, ka zuba ido minti ɗaya. Ko ɗigo guda bai kamata ya fito ba. A wannan lokaci kada kowa ya ɗaga farantin ma'aunin iska, domin sauran nozul huɗun za su tuttula mai cikin silinda.

Nozul mai ɗiga babu maɓallin da zai gyara shi, zare soket ma ba ya hana shi, tunda bakinsa ne ya ci. Alamarsa baƙin hayaƙi daga salansa, fulogi a jiƙe, baƙin mai na warin fetur. Ko dai a sami wani, ko a toshe hanyar mansa tun daga kan rarraba mai da ƙusa mai zare daidai da ramin da sabuwar washar tagulla. Lanƙwasa tiyo a ɗaure da waya, ko cusa masa ƙusar kafinta, neman gobara ne.

Idan bai ɗiga ba amma bai fesa ba, koma kan makunnin da mita. Ƙafafunsa biyu suna da haruffa, G da W. A irin mai 35°C da 8s, idan da sanyi, tsakanin W da jikinsa sifili ne, tsakanin G da jikinsa om 25 zuwa 40. Idan inji ya yi zafi, W kan nuna 100 zuwa 160, G kuma 50 zuwa 80. Wanda W ɗinsa ba ya sauka sifili da sanyi ya mutu a buɗe. Wanda ya tsaya a sifili ko da zafi ya maƙale a haɗe, shi ne ke shaƙe mota da mai duk bugun kik.

Ɗaura maɓallin

Kayan aiki ba su da yawa: waya mai kaurin milimita 1 kamar mita biyu, maɓalli irin na hon wanda ke dawowa da kansa idan an sake shi, kan waya mai zobe, dalma da abin narka ta, robar rufe waya, da fitilar gwaji.

Maɓallin nan shi ne zuciyar aikin. Kada a yarda da makunni mai tsayawa inda aka bar shi, irin na fitilar ɗaki. Ranar da aka manta shi a kunne, duk bugun kik sai an yi wa injin ambaliya.

Fara da gane wace waya ce W. Zare soket shuɗi na nozul, zare ruwan ƙasa na makunni. Maƙala fitilar gwaji a jikin mota, a buga kik, ka taɓa ramukan soket ruwan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kunna fitila shi ne G. Wanda bai kunna ba shi ne W, kuma mita za ta nuna maka yana haɗe da ɗaya daga ramukan soket shuɗi. Kada ka dogara da launin waya, motar da ta shekara 30 a hannun masu rewaya launinta ba shaida ba ne. Yanzu cire kan batir na jikin mota.

Fere rigar wayar W kaɗan, nesa da soket da kamar faɗin tafin hannu, ba tare da ka yanke ta ba. Naɗa sabuwar wayar a kai, ka narka dalma, ka rufe da kyau. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya shekara a zafin bonet. Bi da wayar tare da sauran wayoyin inji, nesa da bututun salansa da bel, ka shigar da ita cikin mota ta ramin da ke da roba, kada ta gogi ƙarfe. Haɗa ta da ƙafa ɗaya ta maɓallin. Ɗaya ƙafar kuma ja guntuwar waya zuwa wata ƙusa a jikin mota, ka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. A ɗaura maɓallin inda hannun hagu zai kai, tunda dama na kan makulli. Mai Porsche 911 sai ya juya lissafin, don makullinta a hagun sitiyari yake.

Dubi abin da wannan haɗi ya ba ka. Ba ka kawo wuta daga batir ba, hanyar zuwa jikin mota kawai ka buɗe. Ko yaro ya yini yana danna maɓallin mota na tsaye, ko gwiwarka ta taɓa shi kana gudu, babu abin da zai faru, domin nozul ɗin ba shi da wuta sai kik na juyawa. Ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, iyakarta ta sa feshi lokacin bugawa, ba za ta ƙone ba. Masu jan wuta daga fiyus ɗin rediyo ko lamba 15, wato layin da ke samun wuta da zarar an murɗa makulli, su kai wa nozul ta maɓalli sun zubar da duk wannan kariya, kuma a ganina aikinsu bai cancanci a biya shi ba.

Makomar tsohon makunnin ta danganta da abin da mita ta nuna. Idan lafiyarsa ƙalau, mayar da soket ɗinsa: zai ci gaba da aikin safe da kansa, maɓalli ya zama na ranar da mota ta ƙi tashi da zafi. Wannan ne haɗin da na fi so. Idan ya mutu a buɗe, ko an mayar ko ba a mayar ba duk ɗaya, maɓalli ya gaje shi. Idan ya maƙale a haɗe, bar soket ɗin a zare, ka rufe bakinsa ruf, domin ramin G na ɗaukar wuta duk bugun kik. Shi kansa makunnin a bar shi a murɗe a wurinsa, shi ke toshe ramin ruwa.

Masu Marsandi su yi hattara. A irin su Bi-but da 190E na baya, masu tsarin KE-Jetronic, babu wannan makunni. Rile ɗin famfon mai ne ke aiko wa nozul wuta, ɗaya wayar kuma tana jikin mota dindindin. A nan sai a raba nozul da wayar rile gaba ɗaya, a ɗauko wuta daga lamba 50 ta cikin fiyus mai amfiya 5, ta bi ta maɓalli. Fitilar gwaji ce za ta gaya maka irin wanda ke gabanka.

Kafin a mayar da nozul mazauninsa, a maido kan batir a sake gwajin kwalba sau uku: danna maɓalli ba kik, shiru, kik ba maɓalli da inji mai zafi, shiru, duka biyun tare, feshi. Sannan a ɗaure shi da sabon gaskit, a mayar da wayar kwayil da rile, a kunna, a shafa yatsa a kowace mahaɗar tiyo a ji ko akwai danshi.

Yadda ake dannawa

Da safen hunturu, ƙafa ba ta kan totur, murɗa makulli ka danna tare, ka ƙirga ɗaya, biyu, ka saki maɓallin ko motar ba ta kama ba, kik ya ci gaba kaɗan. Da damina sakan ɗaya ya wadatar. Da bazara gwada ba tare da shi ba tukuna. Idan da zafi ta ƙi, taɓa totur kaɗan, ka riƙa ɗan ƙyasta maɓallin kana saki, ba dannewa ba. An buga sau biyu ba ta tashi ba, a daina dannawa, wataƙila ta riga ta sha da yawa. Man da ya wuce kima yana wanke baƙin man da ke bangon silinda, ya cinye ringi, ya gangara ƙasa ya tsinka sauran. Duk wanda za a ba aron motar, ko direba ko ɗan gida, a nuna masa wannan kafin a miƙa masa makulli.

Wani abu da ke ɓata lissafin duka shi ne al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don kada mota ta yi zafi. A hunturu irin wannan injin yakan yi tafiya mai nisa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai yana tara baƙi a fulogi, mai shi kuma yana zargin injekta. A mayar da tamostat, a wanke lagireto. Ƙurar hunturu ma na neman a riƙa duba matatar iska kowane mako, don ita ke sa farantin ma'aunin iska yin nauyin tashi.

Bayan mako guda a zaro fulogi a duba. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Baƙi mai kama da kunkunniya na nufin hannu ya yi nauyi a kan maɓalli, ko nozul ya fara ɗiga. A zaro sandar gwajin baƙin mai a shinshina, idan akwai warin fetur a juye shi. In kuwa har motar na buƙatar fiye da sakan uku na feshi kafin ta kama a sanyin Anka, to ba maɓalli ne ya gaza ba: a nemo mai agogon auna matsi, ko da sai an je Gusau, ya auna regiletan ɗumi da safe kafin a kunna inji.